Daga Alli Zuwa Allon Waya: Yadda Za a Koyar da Kimiyya a Sakandare da Kayan Zamani

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandaren gwamnati a Najeriya ya san wannan darasin. Malamin Kemistiri zai zana biyuret a allo, ya zana kwalbar gilashi a ƙarƙashinta, sannan ya ce idan aka ci gaba da ɗiga asid, ruwan da ke cikin kwalbar zai sauya launi daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro. Ɗalibai su kwafa, su haddace. Da yawa daga cikinsu ba za su ga wannan sauyi da idonsu ba sai ana saura makonni kaɗan a shiga jarrabawar firaktikal ta WAEC ko NECO, lokacin da makaranta ta samo kayan aiki na aro. Wasu ma ranar jarrabawar ce ranarsu ta farko da riƙe biyuret.

Ba laifin malamin ba ne. Aji ɗaya ɗalibai tamanin ko ɗari. Ɗakin gwaje-gwaje ko dai babu shi, ko akwai ginin amma famfo ba ruwa, kantoci ba sinadarai. Sai dai a aljihun malamin nan akwai waya, kuma wayar tana ɗauke da na'urorin awo da a da sai babbar makaranta ke iya mallakar irinsu. A wannan maƙala za mu duba abin da waya, kwamfuta ɗaya da 'yan manhajoji na kyauta za su iya yi wa darasin kimiyya da kuma gwada fahimtar ɗalibai, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya.

Me ya sa batun ya zama na gaggawa?

Saboda jarrabawa ta riga aji shiga kwamfuta. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawar kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya. A farkon 2024 WAEC ta yi wa ɗalibai masu zaman kansu jarrabawarta ta farko a kan kwamfuta a Najeriya: tambayoyin zaɓi a amsa su a kan allo, na dogon rubutu kuma a karanta a allo a rubuta amsa a takarda. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa gwamnati na son WAEC da NECO su koma kan kwamfuta gaba ɗaya daga 2026.

Ko an cimma wannan wa'adi a kan lokaci ko an jinkirta, an riga an ga inda aka dosa. Ɗalibin da ya san Fiziks amma bai taɓa danna linzamin kwamfuta ba zai ɓata mintuna yana kokawa da na'ura, abokinsa na birni yana amsa tambaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin kwaikwayo: PhET

A 2002 Carl Wieman, malamin Jami'ar Kolorado da ke Amurka wanda ya ci kyautar Nobel a Fiziks a 2001, ya kafa wani shiri mai suna PhET. Yau shirin na da gwaje-gwajen kwaikwayo sama da 150 a Fiziks, Kemistiri, Bayoloji da Lissafi, kuma kyauta ne ga malamai da ɗalibai. Ba bidiyo ba ne da za a zauna a kalla. Ɗalibi ne zai ja batir da yatsa, ya haɗa igiyar wuta da ƙwan fitila, ya ƙara ƙarfin batirin, ya ga fitilar ta ƙara haske. Idan ya haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye, wuta ta kama a allo, ba wanda ya ƙone.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne yawancin waɗannan gwaje-gwaje ana iya sauke kowane ɗaya a matsayin fayil guda, mai nauyin 'yan megabait. An sauke sau ɗaya, an gama da data. Sai a tura wa sauran malamai ta Xender ko filashi, a buɗe shi da burauzar waya ko ta kwamfuta ba tare da intanet ba. Akwai Circuit Construction Kit na haɗa wutar lantarki, Pendulum Lab na lilon awo, Build an Atom na gina ƙwayar zarra, Balancing Chemical Equations na daidaita lissafin sinadarai, da Natural Selection na yadda halittu ke sauyawa bisa muhallinsu. Duka suna da alaƙa kai tsaye da manhajar karatun babbar sakandare.

Shin yana aiki? Wani bincike da Noah Finkelstein da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 a jami'ar ta Kolorado ya raba ɗalibai gida biyu: wasu suka yi darasin lantarki da batir da fitila na gaske, wasu da na kwaikwayo. Waɗanda suka yi da na kwaikwayo sun fi fahimtar darasin, kuma da aka ba kowa kayan gaske ya haɗa, sun riga sauran gamawa. Dalili mai sauƙi ne: a allo ana ganin ƙwayoyin lantarki suna zagaye igiyar, abin da ido ba ya gani a kayan gaske.

Amma a kula da yadda ake amfani da shi. Idan malami ya tsaya yana dannawa yana bayani ɗalibai na kallo, majigi kawai aka kalla. Hanyar da ta fi ita ce a fara da tambaya. Misali: ga ƙwan fitila biyu iri ɗaya a jere a kan igiya ɗaya, wanne zai fi haske, na kusa da batir ko na nesa? Kowa ya rubuta hasashensa. Ɗalibai da yawa za su ce na farko, don suna zaton yana shanye wutar kafin ta isa ga na biyu. Sai a kunna, su ga haskensu ɗaya. Wannan mamakin shi ne darasin, kuma gani ya kori ji.

Wayarka a matsayin kayan awo: Phyphox

Kowace wayar zamani tana da na'urar da ke gane motsi da karkata, wadda ke juya allo idan ka kwantar da wayar. Tana da makirfo da kyamara. Da yawa suna da na'urar auna haske da ta auna maganaɗisu, wasu har da ta auna nauyin iska. A 2016 masana Fiziks na Jami'ar RWTH da ke birnin Aachen a Jamus suka fitar da manhajar Phyphox, wadda ke buɗe waɗannan na'urori ta mayar da abin da suke ji zuwa lambobi da zanen jadawali. Kyauta ce, ba talla, kuma ba ta bukatar intanet bayan an sauke ta.

Ga gwaji ɗaya da za a iya yi da kayan da ba su wuce na kantin unguwa ba. A hura balan-balan, a ɗaura masa ƙaramin ƙarfe ko kwaɗo, a rataye shi ta yadda daga ƙarfen zuwa ƙasa mita biyu ne daidai. A ajiye faranti a ƙasa. A buɗe agogon sauti da ke cikin Phyphox, wanda ke fara ƙirga da jin ƙara ta farko ya tsaya da jin ta biyu. A fasa balan-balan da allura: ƙara ta farko ke nan. Ƙarfe ya faɗo kan faranti: ƙara ta biyu. Za a samu kusan daƙiƙa 0.64. A ninka tsawon sau biyu, wato 4, a raba da 0.64 sau 0.64, sai a samu kusan 9.8. Wannan ita ce lambar jan ƙasa da ɗalibai suka daɗe suna haddacewa, yau ga ta sun auno da kansu.

Da agogon hannu ba za a samu wannan ba, domin tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna ana rasa kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, wato kusan sulusin duk lokacin faɗuwar. A kuma riƙe wayar a tsakiyar tsawon, don sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kuma idan wayar na tsakiya jinkirin ƙarar farko da na ta biyu za su share juna. Wannan ma darasi ne a kan kuskuren awo.

A Bayoloji akwai Foldscope, madubin ganin ƙananan halittu da ake naɗawa da takarda mai kauri, wanda Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford. Yana girmama abu sau 140, kuma ana manna shi a kyamarar waya. Idan aka haɗa wayar da talabijin, aji gaba ɗaya zai ga ƙwayoyin fatar albasa a lokaci ɗaya, maimakon layin mutum tamanin a bayan madubi guda.

Inda babu intanet

Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta amma ba ta da intanet ta duba Kolibri, manhajar kyauta ta ƙungiyar Learning Equality. Ana ɗora ta a kwamfuta ɗaya, ko tsohuwar laftof ko ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, a zuba mata darussa daga filashi, ciki har da na Khan Academy da na PhET. Sai a haɗa ta da ƙaramar na'urar Wi-Fi ba tare da layi ba. Sauran kwamfutoci da wayoyin da ke ɗakin su shiga ta burauza kamar suna kan intanet, alhali ba a ci ko kobo na data ba. Malami na iya buɗe aji, ya tsara jarrabawa, ya ga wanda ya amsa da wanda ya maƙale.

Ga masu data kuwa, akwai Nigeria Learning Passport da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, mai ɗauke da darussa bisa manhajar karatun ƙasar.

Kafin a sayi komai a yi lissafin wuta. Majigi mai ƙwai na cin wat 200 zuwa 300. Talabijin mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, Raspberry Pi kuwa ba ta wuce 15. Ga makarantar da ke dogara da ƙaramar sola, talabijin ta fi majigi, kuma ana ganin hotonta ko da rana ta haska ajin.

Gwada ɗalibai: sanin abin da ya shiga kai

Nan ne na'ura ta fi sauƙaƙa wa malami. Mai ɗalibai ɗari uku a azuzuwa huɗu, idan ya ba da gwaji yau, kafin ya gama makin an wuce darasin da mako biyu. Sakamakon ya zama maki ne kawai na cika rajista.

Manhajar Plickers ta dace da makarantun da aka hana ɗalibai zuwa da waya, domin wayar malami kaɗai ake bukata. Ana buga wa kowane ɗalibi kati mai wani baƙin zane, gefensa huɗu na nufin A, B, C da D. Malami ya yi tambaya, kowa ya ɗaga katinsa gefen amsarsa na sama, malami ya bi ajin da kyamara. Nan take ya ga mutum nawa suka zaɓi kowace amsa, da sunayensu. Ɗalibi ba ya iya satar amsar maƙwabcinsa don zanen kowa daban ne, kuma mai kunyar ɗaga hannu ita ma an ji ta bakinta. Katunan 63 ne, don haka babban aji sai a raba shi biyu ko a haɗa ɗalibai bibbiyu. Wayar malamin na bukatar data, kuma kada a lulluɓe katin da roba mai ƙyalli, don tana hana kyamara karantawa.

ZipGrade kuma ta jarrabawar takarda ce. Ɗalibai su cike da'irori da fensir, malami ya nuna wa kyamara takardar, ta yi maki kafin ƙiftawar ido, ko babu intanet. Tana ba da damar takardu 100 a wata kyauta. Google Forms na yin maki da kansa, amma kowane ɗalibi sai ya samu na'ura da data, don haka ya fi dacewa da ɗakin kwamfuta da atisayen jarrabawar JAMB.

Duk da haka, saurin maki ba shi ne babbar ribar ba. Ribar ita ce jadawalin da ke nuna wace amsa ta kuskure ɗalibai suka fi zaɓa. Idan rabin aji sun ce dutse mai nauyi zai riga mara nauyi isa ƙasa da nisa, malami ya san abin da zai gyara gobe. Wannan kuwa ba ya samuwa sai an tsara tambayar da kyau: kowace amsar kuskure ta zama wani zato ne da ɗalibai suka saba yi, ba shirmen cika layi ba.

Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya gano a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa na warware lissafi mai wuya, amma suna faɗuwa tambayoyin fahimta masu sauƙi. Sai ya sauya salo: ya yi tambaya, kowa ya zaɓi amsa, idan kan aji ya rabu sai kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa na 'yan mintuna, a sake zaɓe. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6,000 a kwasa-kwasan Fiziks 62 na sakandare da jami'a a Amurka. A azuzuwan da malami ke bayani kawai, ɗalibai sun cike kusan kashi 23 cikin ɗari na abin da ba su sani ba a farkon zango. A waɗanda ake tambaya ana muhawara, kashi 48. Wannan muhawara ba ta bukatar Turanci mai yawa. Ɗalibi ya yi wa ɗan'uwansa bayani da Hausa, in ya so su rubuta amsa da Turanci.

Abin da na'ura ba za ta yi ba

Ƙasar Peru ta raba wa ɗalibai laftof sama da dubu 800 a ƙarƙashin shirin nan na ba kowane yaro laftof. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon bincike a makarantu 319 na karkara: bayan wata 15 yaran sun iya kwamfuta, amma makinsu a Lissafi da harshe bai ɗaga ba. An raba kaya, ba a sauya yadda ake koyarwa ba. Mu ma mun san makarantun da kwamfutocinsu ke kulle a sito, ƙura ta lulluɓe, don shugaban makaranta na tsoron a lalata a tuhume shi.

Na biyu, kwaikwayo ba ya koya wa hannu aiki. Allo ba zai koya wa ɗalibi yadda zai daidaita idonsa da layin ruwa a biyuret ba, ko yadda zai murɗa famfonta ɗigo-ɗigo, ko yadda zai zuba asid a cikin ruwa ba ruwa a cikin asid ba. A allo batir ba ya mutuwa, igiya ba ta tsatsa, lambobi na fitowa tsaf. A teburin jarrabawa kuwa ba haka abin yake ba. Don haka kwaikwayo share fage ne: a yi shi kafin firaktikal don a fahimci abin da ake nema, a yi bayansa don bita. Kada ya zama hujjar ƙin sayen sinadarai.

Na uku, na'ura na kuskure. A 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Idan haka ta faru da hukuma, malamin aji ya riƙa duba wasu takardu da hannunsa bayan waya ta yi maki, ya kuma adana takardun har ƙarshen zango.

Na huɗu, ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ta rage wa aikin gida daraja a matsayin ma'auni. Duk tambayar da aka kwafo daga littafi, za a kwafo amsarta daga waya. Maganin shi ne aikin da ke bukatar awon ɗalibi na kansa: ya ɗaura dutse a zare, ya auna lilonsa a tsawo uku daban-daban, ya zana jadawali, gobe ya tsaya gaban aji ya faɗi dalilin da ya sa lambarsa ta saɓa da ta littafi.

Sai batun adalci da sirri. Aikin gida ta WhatsApp na ware ɗalibin da gidansu waya ɗaya ce kuma tana hannun uba a kasuwa, kuma sau da yawa 'yan mata ne suka fi rasa damar. Abin da za a yi wa maki, a yi shi a makaranta inda kowa ke da dama ɗaya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma ta bukaci amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Ya fi aminci a sa lambar rajista maimakon cikakken suna a manhajojin waje, kuma kada a watsa makin yara ko hotunansu a zaurukan sada zumunta.

Daga ina za a fara?

Kada a jira kwangilar gwamnati. A zaɓi darasi ɗaya da ɗalibai suka saba faɗuwa a wannan zango, misali lantarki. A sauke gwajinsa na PhET, malami ya yi wasa da shi a gida har ya saba. Ya rubuta tambayoyi biyar na fahimta, ya yi su kafin darasi, ya maimaita bayansa. Idan babu halin buga katin Plickers, a yanka kwali huɗu a rubuta A, B, C, D, a ƙirga da ido. Idan babu talabijin, a raba aji rukuni-rukuni a zagaya da laftof ko wayoyin malamai biyu ko uku. A ƙarshen zango a kwatanta sakamakon da na bara, malaman sashen kimiyya su zauna su duba abin da ya yi aiki.

Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da na tsofaffin ɗalibai, jerin sayayya ya fara da wuta, sannan allo babba guda ɗaya, sannan horar da malamai, kafin a zo kan tarin kwamfutoci. A kuma ware wani abu na gyara, don batir da caja su ne ke fara mutuwa.

Idan kai malamin kimiyya ne kuma ka gwada ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji a ajinka, muna son jin yadda ta kaya: irin wayar da ka yi amfani da ita, yawan ɗalibanka, da matsalar da ka ci karo da ita. Abin da ya yi aiki a ajinka na iya rage wa wani malami wahala a nasa.